Yadda Ake Sa Ɗan Gudun Hijira a Lakwal a Jihar Maraɗi

Tun 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Zurmi da Jibiya lamba, dubban iyalai suka tsallako iyaka suka sauka a ƙasar Gidan Rumji da Madarunfa. Wasu suna zaune a gidajen 'yan uwa da abokan arziki, wasu an kai su garuruwan da HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta shirya nesa da iyaka, wato Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Jaririn da aka shigo da shi a goye a waccan shekarar yau ya isa shiga aji ɗaya har ya gota. Duk da haka, in ka zauna da magidanta a gindin bishiya ka ɗauko zancen lakwal, wato makarantar boko, amsar da za ka fi ji ita ce, "Ai ba zama muka zo yi ba, da ƙura ta lafa gida za mu koma." Allah ya sa a koma ɗin. Sai dai wannan magana ta cinye wa yara da yawa shekara biyar zuwa shida, kuma yaro ba ya fasa girma don ana jiran zaman lafiya.

Kafin a shiga matakai, a san abu ɗaya. Sa ɗan gudun hijira a makarantar gwamnati a Nijar ba alfarma ba ce. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, kuma sashe na 22 na yarjejeniyar ya ce a batun karatun firamare a yi musu yadda ake yi wa 'yan ƙasa. Ƙasar tana da tata dokar ta 'yan gudun hijira tun 1997. Don haka in ka je, ka je da ladabi, amma ba da muryar bara ba.

Mataki na farko: sunan yaron ya shiga takardar iyali

Duk wani tallafi da zai biyo baya daga rajista yake farawa. Hukumar ƙasa mai tantance 'yan gudun hijira, wadda ake kira CNE, ita da HCR suke yin wannan aiki. Ana ɗaukar hoto da zanen yatsu, a ba maigida ko uwargida takardar shaida mai ɗauke da sunayen mutanen gidan. Ka buɗe takardar ka sa wani mai karatu ya karanta maka ita suna bayan suna. Ka tabbatar kowane yaro yana ciki, har wanda aka haifa bayan zuwanku da marayan ɗan'uwanka da kake riƙo.

Abu biyu ne suke jawo wahala daga baya. Na ɗaya rubutun suna. Ma'aikacin da ya yi karatu da Faransanci zai rubuta Ousmane inda takardun Najeriya suka ce Usman, Chaibou inda suka ce Shu'aibu, Aichatou inda suka ce A'ishatu. Ba laifi ba ne, amma ka zaɓi rubutu ɗaya ka riƙe shi a duk takardun da za a yi a nan, domin ranar jarrabawa harafi ɗaya yana iya tsayar da yaro a bakin ƙofa. Na biyu shekaru. Mutanenmu da yawa ba su riƙe ranar haihuwa, sai a ce "shekarar da aka yi ambaliya" ko "azumin da ya faɗo a bazara". Ku zauna da uwar yaron ku lissafa tun a gida. Kada a rage masa shekaru don ya samu aji ɗaya, kada a ƙara masa don wani rabo. Abin da aka rubuta ranar shi zai bi shi har girma.

Rajista kyauta ce. Duk wanda ya ce ka ba shi jika ɗaya ko biyu, wato sefa 1000 ko 2000, ya shigar da sunanka, ɓarawo ne ko da rigar aiki a jikinsa.

Mataki na biyu: takardar haihuwa

Yaron da aka haifa a Nijar yana da haƙƙin takardar haihuwa ta Nijar ko da iyayensa baƙi ne. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa. In a likita aka haihu, a nan ake cike takardar sanarwar, daga baya a karɓi ta ainihi a ofishin magajin gari. In a gida aka haihu, ka tambayi mai gari inda ake rubuta haihuwa a garin. Wanda ya bar kwanakin suka wuce sai ya bi ta wurin alƙali a yi masa takardar hukunci mai maye gurbinta, da shaidu. Lokaci lokaci alƙalai suna fita ƙauyuka su yi wannan aiki a bainar jama'a, ana kiran zaman audience foraine. In ka ji an yi shelarsa, ajiye duk abin da kake yi ka kai yaran.

Wanda aka haifa a Najeriya kuma takardarsa ta ƙone ko aka gudu aka bar ta, takardar shaidar gudun hijira ita ce madogararsa. A yawancin makarantun ƙauye rashin takardar haihuwa ba ya hana a zaunar da yaro a aji, don 'ya'yan garin ma da yawa ba su da ita. Inda take cizo shi ne shekarar jarrabawar fita firamare. Saboda haka tun yaro yana aji huɗu ko biyar ka tambayi shugaban makaranta wace takarda za a nema, kada ka bari sai ana haɗa sunayen masu jarrabawa.

Mataki na uku: ka koyi sunayen abubuwa

Mutumin Sakkwato ko Zamfara da mutumin Maraɗi harshe ɗaya suke yi, kakanni ɗaya, amma da an shiga zancen boko sai ka ga kamar ba Hausa ake yi ba. A nan makarantar boko lakwal ce, malami mushe, malama madam, hedimasta darakta. Littafin rubutu kaye ne, biro bik, ɗan allon da yaro yake rubutu da alli a kai ardwaz.

Firamare shekara shida ce kamar ta Najeriya, sunayen azuzuwan ne daban: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. A ƙarshen CM2 ake jarrabawar CFEPD. Daga nan sai kwalej, shekara huɗu, kuma ƙidayar azuzuwanta da baya da baya take tafiya, daga 6e zuwa 3e, a rufe da jarrabawar BEPC. Sai lise shekara uku a yi BAC. Jimla 13 ke nan, inda Najeriya take da 12. Da Faransanci ake koyarwa a mafi yawan makarantu. Gaskiya ne a watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, kuma da ma akwai makarantun da ake fara karatu da harshen gida. Amma kada wannan ya ruɗe ka, littattafai da jarrabawa har yanzu Faransanci ne ya fi yawa a cikinsu.

Akwai kuma makarantun gwamnati da ake kira franco-arabe, inda ake haɗa Faransanci da Larabci da darasin addini. Uban da zuciyarsa ba ta kwanta da boko zalla ba, ko yaron da ya yi nisa a allo, sau da yawa nan ne ya fi dacewa da su. Ka tambaya ko akwai irinta kusa.

Mataki na huɗu: ka je wurin darakta da ƙafarka

Ana komawa lakwal a watan Oktoba, ba Satumba ba kamar a Najeriya, kodayake a 2024 ambaliya ta sa an ɗage har ƙarshen watan. Ɗaukar sabbin yara kuwa ana fara maganarsa tun kafin nan, darakta da mai gari da kwamitin makaranta su ne suke haɗa sunaye. Ka fara bincike tun gero yana fitar da kai. In kuma tsakiyar shekara kuka iso, kada ka ce sai baɗi. Je ka yi magana, ana karɓar yaran da gudu ya kawo a kowane wata in akwai hali.

Zuwa da kai ya fi aike. Kada ka tura yaro shi kaɗai, kada ka ba wa wani saƙo. Ka nemi mai masaukinka ko wani dattijon gari ya raka ka, domin baƙon da ɗan gari ya kawo ba a yi masa kallon baƙo. Ku je da safe kafin a shiga aji ko lokacin tara, da yaran a wanke, da takardar iyali, da duk wata shaida ta tsohuwar makaranta, ko da tsohon littafin rubutu ne mai sunan yaron da ajinsa a bango. Na ga wani mai masauki ya yi wannan gabatarwa yadda ta kamata. Bayan an gaisa an tambayi iyali da aiki, sai ya ce, "Mushe, waɗannan baƙina ne daga wajen Isa, suna gidana tun bara. Ga 'ya'yansu uku, amana muka kawo maka." Darakta ya dubi uban ya ce, "Malam, sannunku da hanya, Allah ya kiyaye gaba. Wanne ne ya taɓa shiga aji a cikinsu?" Ba a yi minti ashirin ba an rubuta biyu. Ta ukun ce ta zama magana, kuma irin maganarta ce mataki na gaba.

Uwa da mijinta ya rasu ko ya tafi cirani, ke ma kina da ikon kai ɗanki da kanki. In kina jin nauyi, ki nemi shugabar ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, wadda ake kira AME, ta shiga gaba.

Mataki na biyar: wane aji za a sa shi

A nan ne ake asarar yara fiye da ko'ina, kuma nan ne iyaye suka fi yin shiru su bar wa mushe komai.

Ɗan shekara 6 ko 7 ba shi da matsala. CI zai shiga tare da 'ya'yan gari, waɗanda su ma ba su taɓa jin Faransanci ba sai ranar. Cikin wata uku ba za ka bambanta shi da su ba.

Yaron da ya yi wasu azuzuwa a Najeriya shi ne abin lura. Yarinyar nan ta uku da na ambata shekararta 11, ta kai aji biyar kafin a gudo. Aka yi mata tambaya da Faransanci ta yi shiru, sai aka kai ta CP, cikin yaran da ba su kai mata kafaɗa ba. Bencin ma bai ɗauki ƙafafunta ba, sai ta karkace take zama. Ƙannenta suka riƙa yi mata dariya a hanya. Kwana tara ta yi ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma ba, uban kuma da ma neman dalili yake yi. Da aka koma aka roƙi darakta ya gwada ta da lissafi a kan allo, ba tare da ya yi mata magana da Faransanci ba, sai ga ta tana ninka adadi mai lamba uku da mai lamba biyu ba gargada. Raba lamba ne kawai ya tsaya mata, shi ma don yadda ake zana shi a lakwal ya bambanta da yadda aka koya mata. Aka mayar da ita CE2, ta zauna.

Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, ka roƙi a gwada yaron, kuma a gwada shi da abin da harshe ba ya ɓoyewa. Lissafi, kwafe rubutu daga allo, karanta jimlar Hausa. Rashin Faransanci ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. A ganina a mayar da yaro baya da aji ɗaya ko biyu daidai ne, yana buƙatar wannan sarari ya kama harshen. Amma a ɗauki ɗan aji biyar a kai shi aji ɗaya, wannan kora ce da sunan karɓa. Ka faɗi haka da lafazi mai daɗi: "Mushe, kai ka san aikinka, amma ina tsoron in ta zauna da ƙanana za ta gudu. A gwada ta a gaba kaɗan, in ta kasa ni da kaina zan ce a dawo da ita." Ka kuma gargaɗi yaron cewa zai ga rubutun haɗe, wanda haruffa suke riƙe da hannun juna, ga 7 mai ɗamara da 1 mai hula. Sati biyu ya ishe shi sabawa.

Yaro mai shekara 8 zuwa 12 da bai taɓa shiga boko ba, ko ya daɗe da bari, akwai hanyar da aka yi dominsa. Ana kiranta passerelle, wato gada. Wata ƙungiyar ƙasar Norway mai suna Strømme ce ta ɓullo da tsarin a Mali a 2004, daga baya ya shigo Burkina Faso da Nijar. Wata tara ake yi. Wata biyun farko da harshen gida ake koyar da karatu da rubutu, a nan Hausa ke nan, sannan a juya Faransanci, a dunƙule karatun azuzuwan farko a cikin wannan lokaci. A ƙarshe a yi gwaji a zuba yaro a lakwal ta gwamnati, yawanci CE2 ko CM1. Ƙungiyoyi ne suke buɗe cibiyoyin tare da ma'aikatar ilimi, don haka ba kowane gari ke da ita ba, kuma ba kowace shekara ba. Darakta ko ofishin sufeton makarantu zai san inda take. In akwai, kada ka tsaya shawara.

Wanda ya haura 13 bai taɓa karatu ba, a gaskiya firamare ta wuce shi. A nema masa ajin yaƙi da jahilci da cibiyar koyon sana'a ta gwamnati da ake kira CFM, inda ake koyar da ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur da makamantansu. Ana samunsu a hedikwatar gundumomi.

Sai mafi wuya, ɗan sakandare. Wanda yake JSS 1 ko 2 yana iya shiga kwalej in ya yarda ya sha wuyar shekara guda, kuma zai sami abin taƙama ɗaya, domin daga 6e ake fara koyar da Ingilishi, a nan shi ne zai zama malamin ajin. Amma wanda ya kai SS 2 ko SS 3, saura ƙiris ya yi WAEC ko NECO, juya shi zuwa Faransanci asara ce. A jihar Diffa, inda mutanen Borno da Yobe suka sauka tun rikicin Boko Haram, HCR ta buɗe cibiyoyin karatu daga nesa bisa manhajar Najeriya, ɗalibai suna shiri a can su je su zauna jarrabawar Najeriya. Ka tambayi ma'aikatan ilimi na HCR ko akwai irin wannan dama a inda kake. Wasu iyaye kuma tura yaron suke yi wurin dangi a birnin Katsina ko Sakkwato ko Kano ya ƙarasa. In wannan ka zaɓa, ka fara sanar da ofishin rajista ka ji matsayin takardarsa, domin komawa ƙasar da aka gudo daga cikinta yana iya taɓa matsayin mutum na ɗan gudun hijira.

Mataki na shida: kuɗi, kaya, da abin da ake bayarwa

Ba a biyan kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Abin da za ka tarar shi ne 'yar gudummawar da kwamitin makaranta, COGES, yake yankawa iyaye don alli, gyaran rumfa ko ruwan sha. In ba ka da shi, ka faɗa wa shugaban kwamitin tun farko. Da yawa suna yafe wa baƙi, ko su karɓi aikin ƙarfi a madadinsa, kamar kawo kara da kafa rumfar aji bayan girbi. Kuma a nan hankalin 'yan Najeriya ya tsaya a kan lissafin sefa: dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1000. In an ce maka dala ɗari, sefa 500 ake nufi.

Ɗan CI ba ya buƙatar abu mai yawa: ardwaz, alli, ɗan tsumman gogewa, kaye ɗaya ko biyu, fensir. Kada rashin jaka ya hana shi zuwa, leda ma tana ɗaukar kaye.

Tallafi kuwa iri iri ne, kuma yawanci ta makaranta yake bi, ba ta gida ba. UNICEF da HCR da ƙungiyoyin da suke aiki da su sukan raba jaka da kayan rubutu a farkon shekara. Hukumar abinci ta duniya, da ake kira PAM a nan, tana ciyar da yara a wasu makarantu, wani wurin har da ɗan kuɗin ƙarfafa gwiwa ga 'yan mata. Duk waɗannan da rajistar aji ake rabawa, wanda ba ya cikin littafin kiran suna ba ya cikin rabo. Amma kada ka sa yaro don jaka. Tun 2025 kuɗin agaji na duniya ya ragu ƙwarai, abin da aka raba bara ba lallai a raba shi bana ba. Na sha ganin iyayen da suka janye yara ranar da tukunyar makaranta ta daina hayaƙi, kamar da ma tuwon suka kawo su koya.

Idan yaron yana da lalura, kurma ne, ko ba ya gani sosai, ko ƙafa, ko farfaɗiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A faɗa tun wurin rajista a rubuta, a kuma faɗa wa darakta. Wani lokaci maganin abin bai wuce a dawo da shi bencin gaba ba.

Ba a sayen tallafi da kuɗi, ba a sayensa da mutunci. Duk ma'aikaci ko malamin da ya nemi wani abu daga 'yarki ko daga gare ki kafin ya rubuta suna, a kai maganar ofishin kariya na HCR ko akwatin koke. Ana ɓoye sunan mai ƙara.

In an ce babu wuri

Yana faruwa, kuma sau da yawa gaskiya darakta yake faɗa. Garin da yake da aji uku ya wayi gari mutanensa sun ninka, malami ɗaya a gaban yara fiye da yadda murya za ta kai, wasu a ƙasa kan buhu, ajin kuma na kara ne. Mutanen Maraɗi ba su manta gobarar watan Nuwamba na 2021 ba, da ta cinye yara fiye da 20 a irin waɗannan rumfuna a cikin birni. Don haka kada ka yi faɗa da shi. Ka ce ya rubuta sunan yaron a jerin masu jira, ka tambaye shi ranar da za ka dawo. Sannan ku haɗu ku iyayen da abin ya shafa, ku rubuta sunayen yaran da shekarunsu a takarda ɗaya, ku kai wa mai gari da shugaban kwamitin 'yan gudun hijira. Daga nan a kai wa sufeton makarantun firamare na yankin, wanda shi ne yake da ikon neman ƙarin malami, a kuma ba ma'aikatan HCR kwafi. Uba ɗaya mai koke ana ba shi haƙuri. Takarda mai sunan yara 40 kuwa hujja ce da sufeto zai iya ɗauka ya kai gaba, kuma da irinta ƙungiyoyi suke yanke shawarar inda za su gina aji.

Watanni ukun farko

Rubuta suna shi ne mai sauƙin. Komawa lakwal tana faɗowa daidai lokacin girbin gero da roron wake da cirar gyaɗa, lokacin da gidan da ba shi da gona yake samun ɗan abin ƙwadago, kuma hannun yaro ma hannu ne. In dole ne, ya yi aikin da yamma da ranakun hutu. Yaron da ya rasa makonnin farko na CI ya rasa lokacin da ake koyon haruffa, sauran shekarar kallo zai yi ta yi.

Makarantar allo ba ta karo da lakwal in an tsara. Asuba da bayan magariba na malam ne, hantsi na mushe. Ka je ka gaya wa malamin allon da bakinka don kada ya ga kamar an raina shi.

Ka gaya wa mushe abin da yaron ya gani, ko a taƙaice. Akwai yaron da na sani, duk lokacin da babura biyu uku suka wuce bayan aji a guje sai ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunne. Malamin ya ɗauka iskanci ne, har ya ɗaga masa bulala. Da aka gaya masa a kan babura aka shigo garinsu ranar da aka kashe uban, sai jikinsa ya yi sanyi, ya mayar da yaron kusa da teburinsa, nesa da taga. Fitsarin kwance, firgita cikin barci, yawan faɗa ko shiru mai yawa, duk ana ganinsu ga irin waɗannan yara. Duka ba ya maganinsu. In abin ya daɗe, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan a wuraren wasan yara da ƙungiyoyi suke buɗewa.

Ko ba ka iya karatu ba, ka ce ya buɗe maka kaye kowane dare ya nuna maka abin da aka yi. Ka nema masa aboki ɗan gari da ya girme shi da aji ɗaya ko biyu su riƙa bita tare. Bayan kowace jarrabawar zango ka je ka ji sakamako. A firamare bisa 10 ake ba da maki, a kwalej bisa 20, rabi shi ne tsira. Uban da ya saba da maki bisa 100 kada ya ji an ce ɗansa ya ci 7 ya ɗauko sanda.

Batun 'ya mace sai an faɗi gaskiya. A zaman gudun hijira aurar da yarinya da wuri yakan zo wa iyaye a matsayin rage baki da neman sutura, ba don ba sa sonta ba. Amma wadda aka cire a CM1 aka kai ɗaki, in mijin ya tafi cirani bai waiwayo ba, gidan uban take dawowa da goyo, bakin ya zama biyu. Tun Disamban 2017 Nijar tana da doka ta musamman kan kare yarinyar da take karatu da tallafa mata. In nisan hanya ne abin tsoro, a haɗa 'yan matan unguwa su riƙa tafiya tare, iyaye mata su yi karɓa-karɓa wajen rakiya.

Bayan firamare, da ranar komawa

Kwalej ba ta kowane ƙauye, don haka wanda ya ci CFEPD sau da yawa sai an nema masa mariƙi a garin da take. A fara wannan neman tun yana CM2, a zaɓi gidan da za a ɗauke shi ɗa, ba ɗan aike ba. Wanda Allah ya kai shi BAC, ko yake riƙe da sakamakon WAEC ko NECO mai kyau, ya tambayi HCR batun DAFI. Tallafin karatun jami'a ne na 'yan gudun hijira da gwamnatin Jamus ta kafa a 1992, yana ɗaukar kuɗin makaranta da na zama. Gurabensa kaɗan ne, ana neman takardar gudun hijira da sakamako mai kyau da shaidar samun gurbi, misali a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko ta Abdu Mumuni a Yamai.

In kuma hanya ta buɗe kuka tashi komawa gida, ko za ku ƙaura wani gari, kada ku yi sammako ku tafi ba sallama. Mako guda kafin tafiya ka je wurin darakta ka nemi takardar shaidar karatu, sunanta certificat de scolarité, mai ɗauke da ajin yaron da hatimi da sa hannu, haɗe da takardun sakamakonsa. Ka ɗauki hotonsu a waya ka tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp, na ainihin kuma a naɗe su a leda biyu a sa cikin kayan da ba a rabuwa da su. A can gida ka kai su wurin hedimasta ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ka yi musu bayanin cewa CE2 aji huɗu ne, CM1 aji biyar, CM2 aji shida. Za su gwada shi da Ingilishi ya yi shiru. Ka roƙi a ba shi alli a kai shi gaban allo a gwada shi da lissafi.